Naman da Ya Kwana a Firiji

"Ranka shi daɗe, akwai tsutsa," Labbo kuku ya ce wa Baturen barikin garin Isa, yana nuna masa fararen ƙwayoyi a jikin naman.

Bature ya dafa firijinsa mai kananzir. "Sanyi ya kashe su. Gasa shi sama-sama, da jininsa."

Labbo bai yarda ba, amma wa zai yi wa Bature musu? Ya gasa, ya kai. A ransa ya ce, cikinsa ne, ba nawa ba.

Da ya koma gida, ya tarar da matarsa Hajjo, mai jego, tana suɗe kwano.

"Malam, Baturenka mutumin kirki ne. Bai ko taɓa naman ba, ya aiko muna duka, wai barka da haihuwa."