Likitar Ɓeraye a Gefen Gadon Baba

Likita ya kashe injin numfashi don a ga ko Baba zai iya jan numfashi da kansa.

"Likitar ɓeraye" Baba yake ce mini, don aikina ke nan, leƙen ƙwayoyin jijiya a gindin ƙwaƙwalwar ɓera. Iri-iri ne, sai na raɗa musu sunayen 'yan gidanmu don kada su rikice mini. Masu surutu ba hutu, Goggo. Masu hana kowa motsi, Yaya. Waɗanda ke zabura da an taɓa su, Auta.

Akwai kuma wasu da ke ɗaga ƙirji su sauke, ana barci ana farke, ba mai gode musu.

Na zura hannu ƙarƙashin ƙeyarsa, inda irinsu suke a jikin mutum.

"Me kike yi?" in ji Inna.

Na sunkuya. "Baba, ba ka taɓa fashin aiki ba. Kar ka fara yau."

Ƙirjinsa ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa.

In ya farka zan gaya masa: waɗannan ƙwayoyin, sunansa na sa musu.