Ranar Da Fuskar Hansatu Ta Fito

Tun da aka kafa dokar, hoton yaro ya daina sayuwa. Fuskar takan dushe a kowane allo, ba ta fitowa sai mai ita ya cika shekara sha takwas ya dangwala yatsa a kan hoton, ko kuma in ya mutu.

Shi ya sa Lawandi mai ɗaukar hoto ya sha tafiyar awa shida zuwa ƙauyen masu fasa dutse. Shekara tara ke nan yana ajiye da hoton wata yarinya ɗauke da kwanon tsakuwa, ga shi yanzu an samu mai saye.

Ya tarar da uwarta, Tabawa, zaune tana fasa dutse.

"Sannu da aiki, Inna. Ina Hansatu? Yatsanta kawai nake so."

"Yarinyar?" in ji Tabawa. Hansatu 'yarta ce ta fari, shi ya sa ba ta taɓa faɗin sunanta ba. "Tana birni aikatau, wata bakwai ba labari. Kai ne na huɗu da ya zo neman yatsa. Ba wanda ya tambayi lafiyarta."

Lawandi ya sunkuyar da kai.

"Nuna mini dai, ko dushi-dushin ne in gani."

Ya kunna allon ya miƙa mata. Jiya da ya duba, a dushe yake. Yau ga fuskar tar, har da wushiryarta. A ƙasa an rubuta: Za ka iya sayarwa.

Tabawa ba ta iya karatu ba, amma ta san dokar. Ta ajiye guduma, ta goge hannu a zani, ta shafa fuskar.

"Hansatu," ta ce.