Gadar Cikin Kwamfuta

"Saki bam ɗin mana, Baba!"

Jirgin cikin kwamfutar ya yo ƙasa kamar shaho, saiti ya zauna daram a kan gadar. Sai tsohon ya ja sandar tuƙi, jirgin ya koma sama.

Karo na tara ke nan. Abin ya ishi 'yarsa. Ita ta sayo masa wasan, ko ya rage zaman shirun da yake yi tun da ya bar soja.

"Haba Baba! Shekara ashirin kana tuƙa jirgin yaƙi, wannan ya gagare ka?"

Ya sake farowa.

"Mamana, wata rana a yaƙi an tura ni in fasa gada, akwai motar fasinja a kanta. Na gan ta, na saki. A nan kaɗai nake iya komawa gida da bam ɗina."