Gurgun da Ke Tonon Ƙanƙara

Wa ya aike ku mashigar dutse, har kuke tambayata wane ne gurgun tsohon da ke caka sanda cikin ƙanƙara? Kiwo aka tura ku ko kallon wawaye? To ku buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa.

Sunansa Hilarion Tarki, mutumin kwarin da ke bayan dutse. Matarsa Eduviges ita ce jakin gidan. Ita noma, ita saƙa, ita ɗaukar buhu. Shi kuwa hula a karkace, giya a ciki, hannu da saurin duka. Gonar da garken lama, ƙananan raƙuman dutsen nan marasa tozo, duk gadon uwarta ne.

Wata Satumba, lokacin da ƙanƙara ke narkewa da rana ta koma gilashi da yamma, ya tura ta can sama neman lama ɗaya da ta ɓace. Ta ɗora tsohuwar safar ulu a kan takalmanta saboda santsi, ta ɗaura irin dankali a ƙugu, karen gida ya bi ta. Ba ta dawo ba.

Mayafinta kawai aka tsinta a bakin wani tsagi mai zurfi, ba sawu ko ɗaya. Tsofaffi suka ce ai kare ya bi ta ne ya haye da ita kogin lahira. Aka wanke tufafinta a rafi kamar yadda ake yi wa mamaci.

Amma limamin coci ya ce ba gawa, ba sabon aure. 'Yan'uwanta suka ce ba gawa, ba gona.

Tun daga nan, duk shekara ƙanƙara na fara saki, lokacin da dutse ke mayar da waɗanda ya haɗiye, sai Hilarion ya ɗauki igiya da sanda ya haura. Matan garinsu suna share hawaye suna cewa kun ga ƙauna. Ƙauna! Mutumin da bai taɓa ɗaukar mata ko tulu ba.

A shekara ta uku ya haura da amininsa Zenon. Sakaran Hilarion bai san dabarar safa ba, don bai taɓa duban ƙafar matarsa ba. Santsi ya kwashe shi, ƙafarsa ta nutse cikin ruwan ƙanƙara har gwiwa. Da jan jiki suka kai tulin duwatsun da ke kan iyaka. Wata makiyayiyarmu tana laɓe a bayan tulin, ta ji komai.

Daga can ana hango hayaƙin kwarinmu, kusa ƙwarai. Nasu garin kuwa tafiyar yini ce.

Zenon ya ce, "Mutumina, ƙafar nan ta fara baƙi. Mu gangara gidan farkon can mu sha miya, a gasa maka ita."

"Ni? A gidan ɓarayin tumaki? Kakana ya rantse ba mai tsallake tulin nan."

"Kakanka ya mutu da yatsunsa goma. Kai naka sun fara yi maka bankwana."

"Gwamma su zube."

Makiyayiyar ta riƙe numfashi. Zenon ya yi taku biyu zuwa wajenmu, ya tsaya yana shaƙar ƙamshin miya. Hilarion ya tofa tuƙar ganyen kokar da yake taunawa a kan tulin, ya juya baya. Dole aminin ya bi shi.

Yatsun suka zube kuwa, har huɗu. Gonar ta tafi hannun 'yan'uwan matar, auren bai yiwu ba. Ga shi ya tsufa yana leƙen ramuka, ya leƙa ko'ina ban da gabansa.

Ku tashi ku kwanta, kuma kada wanda ya gaya masa sunan kakarku. Da yunwarsa ta fi girman kansa ran nan, ni Eduviges zai tarar a bakin tukunyar, da ubanku a goye.