Rowar Yalwa

"Inna, sukarin ya isa haka," in ji Yalwa.

Asabe ta dubi matar ɗanta sama da ƙasa, ta taɓe baki, ta ƙara cokali na huɗu a shayin jikanta Mahadi.

"Ji marowaciya! Duk garin nan na Mai Wurno an san gidan nan da ƙiba. Ke kin taso gidan 'yan cirar auduga, kin mayar mini da jika kamar karan dawa. Kullum ganye, kullum guje-guje. Man shanu ma sai kin auna."

"Lafiyarsa ƙalau, Inna."

"Lafiyar yunwa! Dubi ubansa Maliki, ƙofa ma sai ya karkace yake shiga. Bari ya dawo daga birnin Sinnar, yau za ki san matsayinki."

Da la'asar Maliki ya sauko daga mota yana haki, mutum biyu na riƙe da shi, takardar likita a hannunsa. Tun daga zaure Asabe ta tare shi da ƙarar Yalwa.

Ya saurara har ta gama.

"Inna, ba rowa ba ce. Ni na roƙe ta. Na ce kada ta reni Mahadi yadda kika rene ni."