Filashin Dogo

"Wannan ta fi tsaro, kuma kyauta ce," na ce wa Dogo, abokin aikina, ina ɗora masa manhajar a kwamfutarsa. Abin da na ɓoye masa shi ne, ita da firintar ofishinmu ba sa ga maciji.

Shi ya kai gulmata wurin Manaja har ƙarin girma ya wuce ni. Da aka ce in zaɓi manhajar da za ta tafiyar da sababbin kwamfutocinmu, sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Na sa wa kowa mai tsadar da aka saba, ban da Dogo.

Ya koma bin tebura da aikinsa a filashi, yana roƙon a buga masa takarda. In ya zo wurina, ko ɗagowa ba na yi. "Ka jira, ina aiki." Har cikin raina nake jin sanyi.

Wata safiya muka kunna kwamfutoci, muka tarar da aikinmu duka a kulle. Mai gyara ya ce cutar kwamfuta ce, kuma filashi ɗaya ya raba mana ita. Kwamfutar Dogo kaɗai ta tsira, don cutar ba ta kama irin manhajarsa.

Manaja ya ce kowa ya lallaɓa da ita kafin a gyara sauran. Na je na tsaya gaban teburin Dogo.

"Ashe gaskiyarki, ta fi tsaro," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Ki jira, ina aiki."