Tudun Tsakuwar Alhaji Gali

Rowa ciwo ce. Ni Alhaji Gali mai gishiri nake gaya muku, ku buɗe kunne.

"Tsaya nan!" na daka wa direbana Labaran tsawa. "Kada ƙarfen nan ya taɓa ƙasar Ashafa."

A Challawa ne, shekarar 1982, ina sayar wa kamfanonin fata gishiri. Na zuba tsakuwa a hanyar sitona, na sa maƙeri ya haɗa min tsohon gadon ƙarfe da guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa. Sai mu ɗaure shi da sarƙa a bayan akori-kura mu ja, hanya ta kwanta sumul.

Maƙwabcina Ashafa ya roƙe ni in riƙa ƙarasawa har ƙofar shagonsa. Na ce da ya so hanya, da ya sayi tsakuwa. Kullum a kan iyaka muke kwance ƙarfen, duk tsakuwar da ya turo ta tsaya nan har ta yi tudu. In na kalli tudun nan, daɗi nake ji.

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, na iso na tarar da Ashafa yana jirana, riƙe da kaza.

"Alhaji, Allah ya saka muku da alheri! Duk damina ruwan nan shagona yake shiga, bana kun tare mana shi da tudun nan."

Na buɗe sito, ruwa har gwiwa. Gishiri buhu tamanin ya narke, ni kuma na samu kaza ɗaya.